Shekarar da Muka Kai Tantan Gonar Kawu

Na yi shekaru masu yawa ina koyar da injiniyancin aikin gona, daga baya aka ɗora mini shugabancin jami'a. Duk tsawon lokacin nan, idan ɗalibi ko ɗan jarida ya tambaye ni abin da ya kai ni wannan fanni, amsa ɗaya nake bayarwa: ni ɗan maƙeri ne, cikin ƙarfe na tashi, na kuma so in rage wa manomi wahala. Ba ƙarya nake yi ba, sai dai rabin magana ce. Ɗaya rabin a Inkil, wani ƙauye kusa da Bauchi, ya faru, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, kuma yawancin waɗanda suka gani da idonsu sun riga mu gidan gaskiya.

Mahaifina maƙeri ne a Ƙofar Dumi, cikin garin Bauchi. Maƙerarsa wata rumfa ce a jikin zauren gidanmu, da zugazugin fatar akuya, da masaba da awartaki, da tulin gawayi a kusurwa. Garma da fartanya da magirbi ne yawancin aikinsa. Yana da wata ɗabi'a da ke gundurar masu sauri: ba ya sa ƙarfe a wuta sai ya tambayi mutum inda gonarsa take. In ka ce Miri, ya tambaye ka tudu ko fadama. In ka ce Inkil, ya tambaye ka gefen dutse ko gefen rafi. Sai ya ji wannan sannan ya san faɗin da zai ba bakin garmar da yadda zai lanƙwasa ta. Ina yaro na ɗauka surutun tsofaffi ne kawai.

Mahaifiyata, Inna, Bafulatana ce ta Inkil. Danginta ba su so auren ba, don Fulani ba su cika ba maƙeri 'ya ba. Yayanta ne ya tsaya kai da fata har aka ɗaura. Shi ne Kawu. Tun daga nan shi da Baba suka zama aminai, duk ranar kasuwa sai ya biyo ta maƙera ya zauna a kan wani kututture suna hira sama-sama.

Kawu makiyayi ne a da. Ciwon huhu ya shiga garkensa ya bar shi da 'yan shanu da ba su cika goma ba, sai ya haƙura da yawo ya nemi fili a gindin wani dutse. Filin gangare ne, duk tsakuwa, babu wanda ya so shi. Shekara da shekaru ya yi yana gyara shi. Ya jera duwatsu layi-layi a gicciye don su tare ruwa, ya dasa gamba a bayansu, da rani kuma ya riƙa kwantar da shanunsa a ciki yana matsar da su wuri-wuri don taki. Ya bar ɗorawa biyu da gawo a ciki. Lokacin da na yi wayo, gonar tana cika masa rumbu har ya aiko wa Inna da dami. Babban ɗansa tsarana ne, taubashina, tare muke koran tsuntsaye a gonar idan na je hutu.

Ni boko na yi. Bayan makarantar midil aka tura ni makarantar koyon aikin gona, na dawo Bauchi malamin gona, da gajeren wandon kaki da keke da littafin rubutu a aljihu. Shekaruna ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Shugaban ofishinmu Bature ne, mutumin kirki mai yawan aiki, wanda ya san kwanakinsa a ƙasar nan sun kusa ƙarewa, yana kuma so ya bar wani abu da za a nuna a ce shi ya kawo. A shekarata ta biyu aka aiko mana tarakta, wadda mutane suka sa wa suna tantan saboda ƙararta. Ranar da aka sauko da ita daga babbar mota har mata sun leƙo ta katanga. Tana da garma mai faifan ƙarfe uku, kowanne ya kusa kai murfin babbar tukunya.

Baturen ya ce a samo gonar talaka da za a nome da ita, don manoma su gani da idonsu, ba gonar gwaji ta ofis ba. Mun yi ta yawo ƙauyuka, kowa ya ce a fara da maƙwabcinsa. Ni na ce ina da kawu a Inkil.

Sau uku na je wurinsa. Na farko ya yi dariya ya ce gonarsa ba ta yi masa laifin komai ba. Na biyu ya ce zai yi shawara. Na uku na gaya masa gaskiyar abin da ke raina, cewa idan aka yi wannan aiki a gonar danginmu, sunana zai fito a ofis, mai yiwuwa har a tura ni ƙaro karatu. Ya dubi shanunsa, sannan ya ce tunda abin na ɗan ƙanwarsa ne, a zo a yi. Ban taɓa yaudarar kaina cewa bayanina ne ya gamsar da shi ba.

Tantan ba ta shiga inda akwai dutse da kututture. Saboda haka muka kawo leburori suka kwashe layukan duwatsun nan suka tara a gefe, suka tuge gamba, suka sare gawon da ɗorawa ɗaya. Kawu ya roƙa a bar masa ɗayar, aka bari don tana can bakin iyaka. Da aka zo noman, direba ya ce ba zai bi gangaren a gicciye ba, motar za ta iya kifewa da shi. Sai dai ya riƙa hawa da sauka, daga gindin dutse zuwa rafi. Na san wannan kuskure ne. An koya mana a makaranta, yana nan rubuce cikin littafin da ke aljihuna, cewa kunya a gangare, a gicciye ake yin ta. Amma ana sa ran baƙi daga Kaduna, Baturen yana duba agogo, mutanen ƙauye kuma sun cika bakin gona suna kallona. Na ce direba ya yi yadda ya ga ya fi masa sauƙi.

Baba ya zo a ƙafa tun daga gari don ya ga garmar. Ya shafa faifan, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ya saurara, ya ce ƙarfe ne mai kyau, bai taɓa riƙe irinsa ba. Sai ya bi bayan motar, ya tsuguna, ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin ramin da ta tsaga har kusan gwiwar hannu. Ya ɗebo jar ƙasa mai tsakuwa ya murza.

"Wannan ba ta taɓa ganin rana ba," in ji shi. "Baƙar ƙasar da ke ciyar da dawa a nan ba ta wuce ɗani ɗaya ba. Kun binne ta, kun tono wadda ba ta da komai. Ga shi kuma kun tsaga wa ruwa hanya daga dutse har rafi."

A hankali ya faɗa, amma na kusa da mu sun ji, Baturen ma ya juyo yana tambayata me tsohon ke cewa. Kunya ta kama ni, ta koma fushi.

"Baba, wannan ba aikin maƙera ba ne," na ce. "Aikin ilimi ne."

Ya dube ni, ya kakkaɓe hannunsa, ya sauke hannun rigar. Ya ce Allah ya ba da sa'a. Na ce ya jira in goya shi a keke, ya ce ƙafarsa ta san hanya.

Farkon damina abin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Dawa ta fito a jere kamar an ja zare. Baƙin suka zo suka ɗauki hoto, ni ina tsaye a gefen tantan, Kawu an sa shi ya riƙe fartanya a ɗaya gefen don a nuna da da yanzu. Manoma biyu daga Miri suka zo ofis suka rubuta suna don baɗi.

Da marka ta kama, aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. A rana ta uku bayan azahar aka yi wani mai ƙarfi har kusan la'asar sakaliya. Ba ruwan da ba a taɓa gani ba ne; kowace shekara akan yi irinsa sau ɗaya ko biyu. Washegari da safe na hau keke na nufi Inkil. Tun kafin in isa na ga rafin ya yi jajir.

Kowace kunya ta zama magudana. A tsakiyar gonar wurare uku sun tsage, mafi girman ramin ya kai mini ƙugu, ana ganin farin dutse a ƙasansa. Dawar da ke sama saiwoyinta a waje, ta kwanta. Ta ƙasa kuma yashi ya binne ta sai 'yan ganye. Takin shekara da shekaru yana can cikin rafi. Kawu yana tsaye ƙarƙashin ɗorawar da aka bar masa, da malafa a ka, ya rataya sanda a kafaɗa ya ɗora hannuwa a kai. Na gaishe shi ya amsa kamar kullum, ya tambayi lafiyar Inna da Baba. Ya tambaye ni ko na karya, ya ce in shiga gida a dama mini fura. Na fara wata magana da ni ma ban san inda za ta ba, ya tare ni ya ce ruwa na Allah ne.

Taubashina yana zaune a bakin ramin, ƙafafunsa a ciki. Tsakaninmu wasa ne tun muna yara, babu irin zagin da ba ma yi wa juna. Ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Ruwa na Allah ne, Malam. Hanyar ce taka." Da muryar wasa ya faɗa, amma babu wanda ya yi dariya.

Ni aka sa in rubuta rahoto. Baturen ya je ya gani, ya dawo fuskarsa a ɓace. Bai ce in yi ƙarya ba. Abin da ya ce kawai, ruwan bana ya yi yawa, ko ba haka ba? Na ce haka ne. Na zauna na rubuta shafi biyu: shuka ta fito da kyau, manoma sun nuna sha'awa, sai dai an yi ruwan da ba a saba gani ba ya lalata gwajin. Ban ambaci zurfin noman ba, ban ambaci inda kunyoyin suka dosa ba, ban ambaci duwatsun da muka kwashe ba. Ya karanta ya sa hannu. Kafin shekara ta zagayo ya rubuta wasiƙar da ta sa aka saka sunana cikin waɗanda za a tura ƙasar waje karatun injiniya, a ciki ya ce ina cikin 'yan ƙalilan da suka taɓa aiki da injin noma a gonar talaka. Tafiyar kanta kuwa sai bayan wasu shekaru ta tabbata. Tantan ɗin kuwa wani ƙarfe ya karye a cikinta da kaka, aka aika a kawo wani, bai zo ba. Ta zauna a bayan ofis har tayoyinta suka sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Kawu ya yi damina biyu yana fama. Shi da 'ya'yansa suka mayar da duwatsun da ka, suka cusa kara da ƙaya a ramukan. Amma dutse yana tare ƙasa ne idan akwai ta. Dawar shekara ta gaba ba ta wuce gwiwa ba, wuta-wuta ta cinye rabinta. Ya sayar da saniya ya sayi hatsi, ya sake sayar da wata. Inna ta riƙa aika musu da abin da ta samu, shi kuma duk abin da aka kai sai ya maido ƙwaryar da man shanu ko nono, ko da nasu yaran ba su sha ba. Ni ma na kai buhun dawa sau ɗaya. Ya yi godiya mai yawa, irin godiyar da ake yi wa baƙo. Ban sake kaiwa ba, ban kuma sake zuwa Inkil ba sai da dalilin aiki. A gida Inna ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Tana amsa gaisuwata, tana aiko mini da tuwo, amma ta daina kirana ɗakinta hira.

Da rani na uku Kawu ya yanke shawarar komawa daji. Wani ɗan uwansu a can kudu wajen Binuwai yana da garke babba, ya ce ya zo ya riƙa yi masa kiwo. Mutumin da ya haura sittin, wanda ya yi rumbu nasa na kansa, zai koma bin shanun wani. Ya biyo ta maƙera sallama, ya zauna a kan kututturen nan, Baba ya ƙera masa gatari da wuƙa bai karɓi komai ba. Ina nan tsaye. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce ya ji za a tura ni ƙasar Turawa, in yi karatu da kyau, in kuma riƙe salla. Kalmar da ya kamata in faɗa tana bakina. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Bai cika shekara biyu a can ba. Ƙasar mai sauro ce da ƙudan tsando, jikinsa bai saba ba. Zazzaɓi ya kama shi a ƙarshen damina, kwana kaɗan ya cika. Fataken shanu ne suka kawo labarin, ya iso mana a makon da aka yi bikin samun mulkin kai. 'Yan makaranta suna wucewa ta lungunmu da 'yan tutoci kore da fari, ana jin kiɗa daga fili, mu kuma muna zaure a kan tabarmi ana karɓar gaisuwa. Wasu abokan aikina suka biyo da sababbin riguna don mu tafi tare, suka tarar da zaman makoki, suka yi addu'a a tsaitsaye suka wuce.

Bayan sadakar bakwai na sami Baba shi kaɗai a maƙera. Na karɓi zugazugin ina hura masa, abin da na yi shekaru ban yi ba. Na gaya masa komai: cewa na san kuskure ne tun kafin a fara, da abin da na rubuta a rahoto, da abin da na ƙi rubutawa, da yadda tafiyata karatu ta samu. Na kuma nemi gafararsa kan maganar da na yi masa a gaban mutane. Ya ci gaba da dukan ƙarfensa har ya huce, ya mayar da shi wuta.

"Tawa na yafe tun a hanya kafin in iso gida," ya ce. "Ɗayar kuwa, wanda za ka gaya wa ya tafi."

Na ce ina tunanin in fasa tafiyar. Ya ce idan na fasa, an yi asarar gonar ke nan a banza. In je in koyo, amma in na dawo in riƙa tsugunawa.

Na tafi, ta Jos, a bayan babbar mota. Na yi digiri, na yi na biyu, na yi na uku, duka a kan zurfin noma a ƙasar gangare mai tsakuwa. Na dawo na shiga koyarwa. Ni da ɗalibaina muka ƙera wata ƙaramar garmar shanu marar nauyi wadda ba ta shiga ƙasa fiye da kima, manoma sun karɓe ta a wurare da dama, kuma faɗin bakinta daga ma'aunin Baba na ɗauko. Bai gani ba, ya rasu ina shekara ta uku a waje. A cikin lacca nakan ba da misalin wata gona a arewa da aka lalata da injin noma. Ɗalibai suna rubutawa. Ban taɓa gaya musu wanda ya ba direba izini ba.

Shugabancin jami'a kuma yawancinsa zama ne da takardu: taron majalisa, yajin aiki, kwangilar gini, injunan da aka ba mu kyauta waɗanda ba mu da kayan gyaransu. Rahotanni sun bi ta teburina ba iyaka, kuma ina gane irin nawa tun daga shafin farko, wanda kowace jimla a cikinsa gaskiya ce amma an cire abin da ya faru. Wasu na mayar na ce a sake. Wasu na sa hannu, don ina bukatar zaman lafiya da mutanen da suka rubuta su.

Iyalin Kawu sun dawo Bauchi bayan rasuwarsa. Gonar ba ta nomuwa, aka bar ta. Taubashina ya shiga kara, kasuwar shanu, yana kora wa mahauta da dillalai dabbobi, da wannan ya riƙe uwarsa da ƙannensa. Mukan haɗu a biki ko rasuwa mu gaisa. A shekarata ta biyu a shugabanci aka buƙaci wanda zai kula da shanun gonar jami'a, aiki mai albashi da gida da fansho. Na sa direba ya kai ni Bauchi, na same shi a kara, ya tsufa fiye da shekarunsa, yana tari. Ya shimfiɗa mini buzunsa a inuwar wata rumfa, shi ya zauna a ƙasa. Na yi masa bayanin aikin dalla-dalla. Ya saurara har na gama, ya tambayi yawan shanun da irin abin da ake ba su, ya tambaya ko gaskiya ne ana maƙala musu lamba a kunne.

Sannan ya ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri. Amma ni, ɗan uwa, in ka zo ka ce ga alheri ka kawo mana, gabana faɗuwa yake yi. Ka bar ni a nan."

Ban matsa masa ba. Aka kira la'asar muka yi salla tare a masallacin kara, ya rako ni har mota, ya sa aka saka mini ƙwaryar nono a baya. Bayan 'yan shekaru tarin ya kwantar da shi. Ranar da ya rasu ina Legas wurin taron shugabannin jami'o'i, saƙon bai same ni ba sai da aka tashi. Na iso Bauchi ranar sadakar uku.